Talabijin ɗin da Riskuwa ya ƙwace

Malam Riskuwa tafireta yake bugawa tun yana aiki a Sakkwato. Da aka ba mu jihar Kebbi sai aka dawo da shi Birnin Kebbi, ya kama ɗaki a unguwar Gesse, jikin nawa. Matarsa Laure da 'ya'yansu huɗu suna Argungu, a gidan gado. Duk Juma'a yakan tafi, ya dawo Litinin da sassafe da ƙullin albasa, ya ɗebar mini rabona.

Ɗan gidan malamai ne, ba ya dariya da ƙarfi, ko ruwa ba ya sha a tsaye. Akwai wata ƙaramar talabijin baƙi da fari da ya saya wa gidansa. Wata rana aka gaya masa 'yarsa Munira, mai shekara tara, tana gudowa daga Islamiyya duk Laraba saboda wani katun da ake nunawa bayan la'asar. Ya tara yaran a tsakar gida, ya ce zanen banza ne da ke lalata hankali, ya naɗe talabijin ɗin cikin zani ya taho da ita Gesse. Munira ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba.

Kaɗaici ya sa ya kunna ta wata Laraba, wai zai jira labarai. Sai ga katun ɗin. Wata yarinya ce da ƙannenta biyu da wani tsohon matuƙi mai ɗingishi, suna yawo cikin jirgin ruwa mai fukafukai, tsibiri bayan tsibiri, suna neman mahaifinsu da teku ta tafi da shi. Ni ma daga baya na kalla, kuma har yau ban ga kamarsa ba. Ba su da bindiga, dabara ce kawai da haƙuri, ga kiɗan farawa da yake shiga kai ya zauna. Riskuwa ya ce mini a ranar da niyyar kashewa ya miƙa hannu, sai matuƙin ya faɗa rami, ya tsaya ya ga ko za a ciro shi.

Daga nan Laraba ta zama tasa. Ana sallame la'asar zai rigaya kowa fita daga masallaci, ya saki labule, ya rage murya. Idan hoto ya yi yayyafi, ni yake roƙo in juya masa eriya, yana cewa wa'azi ake yi.

Wata biyar ana haka, sai idon Munira ya yi ciwo. Yayansa Maigandi ya kawo ta asibiti a Birnin Kebbi ba tare da an aiko ba, kuma ranar Laraba ce. Ina wanke kwanuka a ƙofa suka shigo. Maigandi ya yi sallama sau biyu ba a amsa ba, ya ɗaga labule. Riskuwa yana durƙushe gaban akwatin, ba hula, yana ce wa yarinyar katun: "Kada ki buɗe ƙofar nan, ɗiyata, tarko na."

Ya juyo ya gan su. Ya lalubi maɓallin kashewa, ya murɗa na ƙara murya.

Maigandi ya dube shi, ya dubi talabijin. "Wanga shi na zanen banzan da ka tara muna yara a kai?"

 Munira tana tsaye da auduga a ido ɗaya, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta gaishe shi yadda ta saba, har ƙasa, sannan ta tambaya a hankali: "Baba, sun iske babansu?"

 "Ba su iske shi ba tukuna," ya ce. "Amma sun samu takalminsa."

Ya gaya mini daga baya cewa da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Juma'ar nan ya sa talabijin ɗin a motar Argungu. Laure ta karɓa ta goge ta da tsumma, ba ta tambaye shi komai ba. Ya je wurin malamin Islamiyya da kansa ya roƙa a riƙa sakin Munira da wuri ranar Laraba, ta rama haddarta ranar Asabar. Malamin ya tambayi dalili, Riskuwa ya ce lalurar gida ce, ya fito yana share gumi.

Shi kuwa bai sake kallon katun ɗin ba. Na sayi tawa talabijin a shekarar, na sha kiransa, yakan ce yana da aiki. Wata Laraba hutu ya same shi a Argungu, yaran suka matsa suka bar masa wuri a tabarma, ya ɗauki butarsa ya fita zaure.

Ya yi ritaya yana shugaban masu buga takardu, ya koma noman shinkafa a fadama. Munira ta yi karatun unguwarzoma, tana aiki a Argungu. Da na je gaishe shi bara, na tayar da zancen ina dariya. Bai taya ni ba. Ya ce ba kallon ne ke damunsa ba, abin da ke damunsa shi ne wata biyar yana zuwa gida duk mako, yana ganin yarinyar, ya san duk abin da ya faru a jirgin nan, bai taɓa ba ta labari ba. Sai ya kira jikansa ya kawo mana fura.