Juma'ar da Na Gwada Tsohon da Ya Naɗa Yayana

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ban jin zai iya kwashe wata Juma'a da na tsaya a ƙofar gidanmu, gaban gari duka, gumi yana bin bayana, ana jiran a kawo Alƙur'ani saboda ƙaryar da ni na ƙulla.

Lokacin ina mushe, wato malami, a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, can ƙasar Ibohamane. Ban daɗe da dawowa daga karatu a Yamai ba, kuma kaina ya yi mini girma ƙwarai. Babanmu ya rasu, magidanta suka yi layi aka zaɓi yayana mai gari. Da ƙyar ya ci, don ɗan ƙanen babanmu ne ya tsaya takara da shi, layukan biyu kuma kusan tsawonsu ɗaya. Abin da ya raba gardama shi ne wani tsoho da muke kira Baba, wanda ya tako da sandarsa ya tsaya bayan yayana, sai dattawa suka bi shi. Baba shi ya san iyakokin gonakin gari. Tun da furoje, wato hukumar aikin raya karkara, ta gyara fakon tudu da layukan duwatsu, ƙasar da ko akuya ba ta tsayawa a kai ta koma ba da hatsi, kowa ya tuna kakansa ya taɓa noma wurin. Takarda babu. Baba ne zai ce daga wancan dutse zuwa wannan aduwa na wane ne, magana ta ƙare. Sarautar yayana a bakin tsohon nan take tsaye, kowa ya sani.

Ni kuwa ina da wani littafi da na saya wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin hanya, fassarar Faransanci ta wani tsohon rubutun mutanen Indiya kan yadda sarki zai riƙe ƙasa. Littafin ya tafi da ni. Ya yi maganar rumbu da haraji da kasuwa, da yadda ake bi da abokin gaba: a fara da lallashi, a bi da kyauta, a raba kan mutanensa, in duk sun ƙi sannan a ɗauki sanda. Amma abin da ya fi burge ni shi ne gwajin fadawa. Sarki zai aika wani a ɓoye ya zuga bafade ya ci amana, in ya ƙi, an san nagari ne. Gaba kaɗan akwai gargaɗi cewa irin wannan gwaji yana iya ɓata wanda da can lafiya lau yake. Na karanta wurin, wallahi na karanta, sai dai ban tsaya a kansa ba, don ba shi nake nema ba.

Sai ga shi an ga Baba ya shiga gidan ɗan'uwan namu da ya faɗi zaɓe, sau biyu cikin mako ɗaya. Hankalin yayana ya tashi, abinci ma ba ya ci sosai. Na same shi a zaure na kwashe dabarar mutanen Indiya na faɗa masa. Da na gama ya ce, "Mushe, ni ban ji ba." Bai ce in yi ba, bai kuma ce in bari ba, ni kuma na ɗauka izini ne.

Ina da aboki dillalin dabbobi, mai baki kamar an shafa zuma. Na koya masa abin da zai faɗa: ya je wurin Baba ya ce ɗan'uwanmu ne ya aiko shi, in Baba zai shaida gaban sarkin yankinmu cewa mai gari ya taɓa iyakokin tudu, za a ba shi garkar albasa da ke bakin ƙorama. A lissafina, Baba ko ya karɓa ko ya ƙi, abokina ya dawo ya raɗa mini, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ban taɓa kawo hanya ta uku a raina ba, saboda mutanen cikin littafi ba sa kama hannun riga.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, jama'a na zaune ƙofar gida ana gaisawa, sai ga Baba tafe, riƙe da hannun rigar abokina yana jan sa. Ya tsaya tsakiyar fili ya ce, "Mai gari, ga wanda anka aiko shi saye ni. Shi maimaita abin da yac ce, kowa shi ji."

Abokina ya maimaita. Aka aika kiran ɗan'uwanmu, ya zo, amma ba shi kaɗai ba. Ƴaƴansa da mutanen unguwarsu suka biyo shi, wasu da sanduna, namu ma suka miƙe. Mata suka fara janye yara cikin gidaje. Mutumin nan ya rantse ya sake rantsewa bai aiki kowa ba, idanunsa sun yi ja, har ya cire rawaninsa ya ajiye ƙasa. Wani daga ɓangarenmu ya ce a kira jandarmomi daga garin Keita. Liman ya ɗaga hannu ya ce ba sai an kai can ba, a kawo Alƙur'ani, dillali ya dafa in gaskiya ya faɗa.

A wurinmu ba a wasa da wannan. Wanda ya dafa a kan ƙarya, shi da gidansa ba wanda zai ƙara cin kwano ɗaya da su. Ladan ya tafi ɗaukowa, tafiyar da ba ta fi taku ɗari ba, amma ni na ga kamar ya yi wuni. Abokina ya ɗago kai ya dube ni. Na dubi yayana, shi kuma yana kallon yatsun ƙafarsa. Na ji tsoro, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba zan ɓoye ba, sai da na yi tunanin in yi shiru in ga ko abin zai wuce.

Da na hango ladan ya karyo kwana, rungume da jakar fata, sai na miƙe. Na ce a tsaya, ni na aiki abokina. Na ce ɗan'uwanmu bai san komai ba, gwada Baba nake yi. Har na fara bayanin littafi, kai ka ji wauta, liman ya ce mini in yi shiru.

Na zaci duka zan sha, da ma an dake ni. Baba ya saki rigar abokina. Bai ko dube ni ba, yayana ya duba.

"Mai gari, ka san da wanga?"

Yayana ya buɗe baki ya rufe. Shirun nan kowa ya ji shi.

"To," in ji Baba. "Ka san abin da yak kai ni gidan ɗan ƙanen ubanka? Lallashin ɗan'uwanka nika yi shi zo shi gaishe ka, gari shi haɗu. Ya yarda, ranar suna ta jibi za shi zo. Na yi zama da ubanku tun ba a haife ku ba. In shina shakka ta, da ƙafarshi shika zuwa shi tambaye ni."

Ya duƙa ya ɗauki rawanin ɗan'uwanmu, ya kaɗe ƙasa ya miƙa masa, ya juya ya tafi gida a hankali.

Ban bar zuwa ƙofar Baba ba. Na je ni kaɗai, na je da liman, yayana ma ya je ya durƙusa. Kullum Baba zai ce ya yafe duniya da lahira, kuma na yarda ya yafe. Yana zuwa suna, yana zuwa jana'iza. Amma da damina ta kama aka fara rigimar iyaka, aka aika masa, sai ya ce idonsa ya yi rauni, ba ya gane duwatsu. Mutumin da ke zura zare a allura da kansa. Bai sake taka tudu ba har Allah ya karɓi abinsa, ya tafi da iyakokin gari cikin kansa. Ɗan'uwanmu kuwa bai taɓa zuwa gaisuwar nan ba. Yayana yana nan da sarautarsa, sai dai ƙaramar rigimar gona ma Keita ake kai ta, ana wucewa ta ƙofarsa.

Abin da na koya ya yi mini tsada, kuma ba ni kaɗai na biya ba. In kana shakkar mutumin da ya tsaya maka, je ka same shi ka tambaye shi ido da ido, ko da zai ji haushi. Haushi yana wucewa. Ni na so in tabbatar Baba namu ne, na kuwa tabbatar, a ranar da ya daina zama namu.