Takardar Ƙorafin da Muka Aika Fotugal

A shekarar da korona ta kulle mu a hawa na sha huɗu a unguwar Setapak, maigidana ya zama masanin ƙwallon ƙafar Fotugal. Mutumin da aka turo Kuala Lumpur ya yi digiri na uku a kan kiwon kifi, wanda ko a firamare ba a taɓa sa shi tsaron gida ba.

Ƙaninsa ne sila. Ya samu wata ƙungiya a wani ƙauye a arewacin ƙasar, irin masu buga gasar gunduma. A gida Kaduna dai an sanar da dangi cewa yana buga ƙwallo a Turai, ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Ranar da na fara ganin filin a waya, na yi dariya har na ƙware. Rumfar siminti guda ɗaya, bayan raga gonar kabeji, ga wankin wata tsohuwa a shanye kan shinge. An hana 'yan kallo shiga saboda cutar, sai dattawan garin suka jera kujeru a kan tudu suna leƙowa ta saman katanga. 'Yar shugaban ƙungiyar ke ɗaukar wasan da wayarta, in ta hango ƙawarta sai mu yi ta kallon ƙawar. Shugaban kuwa wani tsoho ne mai gidan burodi. A wurinsa ƙanin mijina ke aiki, a ɗakin saman shagon yake kwana, kuma da wannan aikin ya samu takardar zama a ƙasar.

Da hantsin Lahadi suke wasa, mu nan gab da magariba. Maigida zai sauka shagon mamak, masu sayar da abincin Indiyawa, ya yo tapau, wato ƙunshin gurasar roti, ya jingina waya da tukunyar shinkafa, ya hau koya wa koci aiki daga Malesiya.

Sai aka yi mako uku ƙanin nasa yana zaune a benci. Da aka kira shi, cewa ya yi, "Lafiya lau, Yaya, ra'ayin koci ne." Maigida ya kashe waya ya ce ai magana ta fito, wariyar launin fata ce. Ya yi kwana biyu yana bincike har ya gano adireshin hukumar ƙwallon gundumar, ya ce zai rubuta musu ƙorafi.

A nan ba zan wanke kaina ba. Na yi shekara shida ina sakatariya a wata ma'aikata, na san yadda ake sa takarda ta yi cizo. Zaman kulle ya ishe ni, hannuna yana ƙaiƙayi. Ni na buga ta, shafi uku. Ni na ƙara sakin layi na ƙarshe, wanda ya kira tsohon da mai bautar da baƙi. Ni na ce a aika kwafi ga magajin gari da ofishin jakadanci. A wurinmu ai takardar ƙorafi kurari ce kawai: a buga mata hatimi, a jefa a durowa, wanda aka yi ƙara ya ji labari ya ɗan shiga taitayinsa. Ban taɓa ganin wadda aka karanta har ƙarshe ba.

Su kuwa mutanen nan, da yake ba su da aikin yi, suka karanta. Suka fassara, suka buɗe fayil, suka aika wa tsohon sammaci ya je babban birnin gunduma ya amsa tuhuma.

Wata Laraba da la'asar, ina yankan albasa, wayar maigida ta yi ƙara. Ya sa ta yadda duk za mu ji, yana murmushin wanda ke jiran godiya.

"Yaya, korona na yi," in ji ƙanin. "Likita ya ce ƙirjina ya huta wata guda. Na ɓoye ne don kada Hajiya ta ji. Mako biyu tsohon nan yana hawo mini da miya har bakin ƙofa, da ciwon gwiwarsa."

Sai ya ci gaba.

"Yau tsohon ya ce in wata ya ƙare in ba shi makullin ɗaki, aikin ma ya tsaya. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi bai san haka ake ganinsa a gidanmu ba."

Maigida ya gyara zama. "Boleh lah, ba komai, kwantar da hankalinka. I will write another letter, mu janye..."

"Yaya, don girman Allah kada ka sake rubuta komai."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Sai ƙanin ya juyo kaina.

"Anti, kina nan? Ke da kike da hankali, me ya sa ba ki hana shi ba?"

Maigida ya ɗago ya kalle ni. Na ajiye wuƙar, na ce wallahi ban san ma an aika ba. Har yau haka ƙanin ya sani.