Ƙusar da Don Crisóforo ya bari a bango

A bakin kakarta, Doña Hermelinda, Nayeli ta fara jin sunan Don Crisóforo, kuma ba da alheri ba. Duk jikan da ya kwaso tarkace ya shigo gida, sai tsohuwar ta ce, "Sannu, magajin Crisóforo mai kwance wa mutane lamba!"

Sai da ta girma ta fahimci tushen gabar. Crisóforo ɗan sandan hanya ne a garinsu na jihar Jalisco, shekara ashirin da takwas yana yawo da sukundireba a aljihu. Wanda ya ajiye mota inda aka hana, ba ya gardama da shi. Lambar motar zai kwance, sai an biya tara a karɓa. Ranar auren kakanninta ma bai ɗaga ƙafa ba. Ana cikin coci ya kwance lambar akori-kurar ango.

Da ya yi ritaya, hannun bai daina ƙaiƙayi ba. A da, duk shekara biyu ake sauya launin lamba, shi kuwa ya bi makanikai da 'yan gwangwan ya tara tsofaffin, ya jera a bangon zaurensa shekara bi shekara. Kowace ya rubuta mai motar a bayanta. Gurbi ɗaya ya rage, ƙusa tsirara. Lambar da ta dace da gurbin, ta akori-kurar nan, tana gidan su Nayeli, an toshe ramin akurkin kaji da ita.

Duk Asabar sai ya tsaya a bakin shinge ya cire hula.

"Doña, kajin nan ba su iya karatu ba. Ki ba ni, in kawo miki fallen kwanon rufi sabo."

"Ka kwance ta sau ɗaya, tsohon banza. Taɓa ka gani!"

"Aiki na yi, Doña."

"To ka ci aikin."

Bai taɓa sa hannu ba, ko da yake minti ɗaya ya ishe shi.

Shekarar da idonsa ya fara dushewa, kakar ta lura ya gaishe da turken shinge a madadinta. Washegari ta miƙa wa Nayeli wuƙa. "Ɓamɓaro masa lambar nan, tun yana iya ganin launin. Kada ki ce ni na aiko."

Don Crisóforo ya wanke kashin kajin da kansa, ya shafa haruffan da yatsa, ya gane inda sukundirebansa ya karce fenti shekara hamsin da suka wuce. Kafin ya rataye ta, ya ba Nayeli alƙalami.

"'Yata, rubuta min a baya, hannunki ya fi nawa. Motar Fidencio, mijin Hermelinda, ranar aurensu. Ki ƙara da cewa a kan hanyar masu tafiya a ƙasa ya ajiye ta. Kada ki tsallake wannan."