Gishirin da Ya Taso a Garkar Akokan

A shekarata ta uku a jami'a aka tura mu sitaj, wato koyon aiki a fili, mu ɗaliban aikin gona, kowa da manomin da zai yi wata biyu tare da shi. Ni aka haɗa ni da wani dattijo mutumin Tawa a garin Akokan, can arewa cikin hamada. Ya daɗe yana aiki a ramin haƙar ma'adini, da aka rufe ramin sai garkarsa, wato lambunsa, ta zama ita ce cin iyalinsa.

Tun ranar farko ban ruwansa ya ɓata mini rai. Sai ya cika fangali taf, ruwa ya kwanta kamar mai shirin shuka shinkafa. A ƙasar da ruwa yake wuya haka. Ni kuwa lokacin kaina ya kumbura da karatu, ina jin babu wanda ya kai ni. Na ce, "Baba, ɓarna ce wannan. Tumatir ba ya shan rabin ruwan nan."

Ya ce, "Ɗana, ƙasar nan gishiri gare ta. In ba ka danne shi da ruwa ba, tasowa shikai."

Na yi dariya, na buɗe masa littafi, har da zane. Ya daɗe yana kallon takardar da bai iya karantawa ba, sannan ya ce to, ai don mu koya musu aka aiko mu. Fangali goma ne na tumatir, duka ya bi maganata, ya rage musu ruwa.

Kafin sati uku ƙasa ta yi fari fat, kamar an barbaɗa gari. Ganye ya ƙone daga baki, fure ya zube. Kullum da safe sai in tarar da shi tsugune yana kankare gishirin da hauya. Bai taɓa ce mini komai ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ana haka malaminmu ya zo duba aikinmu. Ya tsaya kan fangalin, ya tambayi abin da ya faru. Na san faɗuwa sitaj maimaita shekara ce. Dattijon ya riga ni magana, ya kira shi Mushe, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu.

"Mushe, laihina na. Yaron ya hwaɗa mini daidai, ni na ƙi ji."

Malam ya girgiza kai, ya shiga yi masa faɗa a kan taurin kan manoma. Mutumin da ya yi jika da ni yana tsaye da hula a hannu yana cewa, "Gaskiya ta, Mushe." Ina gefe rungume da littafina. Kalma ɗaya ta isa, kuma ina da lokacin faɗinta, don faɗan ya yi tsawo. Na yi shiru.

Na fi kowa maki a ajinmu. Har yau kunya ba ta bar ni na koma Akokan ba.