Ranar da Mma Ta Wanke Sulallan Baba

Baba tsofaffin kuɗi yake sayarwa. In na gaya wa mutum haka sai ya ɗauka ɗan canji ne, in sake komawa bayani, abin da na tsana ke nan. Ba canji ba ne. Sulalla ne da aka daina kashewa tun ba a haifi uwata ba: anini mai huji, sule da fataka na zamanin Ingilishi, tamma ta Faransa, 'yan kaɗan na Jamus, da manyan azurfa masu kan mace da kakanninmu suka sauko da su daga arewa a ɗaure a ƙugu. Yana da ɗan tebur a unguwar Kodjoviakopé ta birnin Lome, bayan layin 'yan canji, dab da iyakar Gana. Tsofaffin mata kan kawo masa abin da aka tarar a ƙasan akwatin mamaci, magina daga unguwar Bè su kawo abin da suka tono wajen haƙa harsashi. Shi kuma ya ajiye wa masu tarawa don sha'awa.

Masu tarawar ba su da yawa, amma da su muka ci muka sha, da su na yi makaranta har na gama. Akwai wani tsohon Bature mai yawan gumi da ke zuwa duk shekara, akwai ɗan Lebanon mai shagon taya, akwai wani likita daga Ankara ta Gana, sai jefi-jefi ma'aikatan jirgin ruwa. Lokacin hutu ni ke zama gefen teburin ina yi wa Baba tafinta, don Faransancinsa na ciniki ne kawai, daga gaisuwa sai farashi. A nan na koyi abu biyu. Ba a kama sule a fuska, a gefe ake riƙe shi. Kuma ba a wanke shi. Wannan baƙin da ya hau kansa, wanda kowa zai kira dauɗa, shi mutanen nan suke biya. In ka goge shi ka goge shekarun, saura ƙarfe.

Ba rana ɗaya masu tarawar suka tsaya ba. Baturen ne ya fara aiko da saƙo a waya cewa bana ba zai zo ba, yana so ya ɗan dakata ya ga yadda duniya za ta kwanta. Ɗan Lebanon ya ce jabu sun cika intanet, kowa ya tsorata, farashi na ta sauka, shi ba zai sa hannu ba sai ya ga inda abin ya tsaya. Ni ke karanta wa Baba saƙonnin. Duk cikin ladabi suke, babu wanda ya ce ya daina. Sai an kwana biyu, sai an kwana biyu. Da sun ce sun daina ma da ya fi mini, mutum ya san inda ya dosa.

Da zaman tebur ya koma kashe kuɗin mota a banza, Baba ya kwaso kayan ya dawo da su gida, unguwarmu ta Zongo. Gwangwanin biskit biyu ne manya, kowane sule a naɗe cikin 'yar takardarsa. Ya tura su ƙarƙashin gado. Wannan ne karo na farko da suka kwana a gidanmu, kuma Mma, uwata, ba ta taɓa ganinsu a buɗe ba. Baba irin mazan nan ne da ba sa shigo da zancen kasuwa cikin gida. Ya kawo cefane, a dafa, shi ke nan.

Cefanen ne ya fara ramewa. Nama ya fita daga miya, kifi ya biyo bayansa. Sai Baffa, ƙanen Baba mai sayar da kayan babur, ya fara kawo shawara: a ware na azurfa a kai wa maƙeri ya auna ya narka, a karɓi abin da ya samu. A wurinsa azurfa azurfa ce, ko da kan mace ko babu. Baba ya ce a bari tukuna. Amma duk zuwan Baffa, "a bari tukuna" ɗin na ƙara laushi, ina ji.

Saboda haka na tasa likitan Ankara a gaba. Na kira, na tura hoto, na sake kira, har na tabbata in ya ga lambata tsaki yake yi. Daga ƙarshe ya ce zai shigo Lome wata hidima, zai biyo ya duba. Ya nanata: dubawa kawai. Na ce ya zo ko kallo ne. Na san mai tarawa, in ya riƙe abu a hannu da wuya ya tashi haka nan.

Na sanar a gida cewa babban baƙo na zuwa ganin kayan Baba. Ranar da safe aka yi rasuwa a layin bayanmu, Baba ya tafi jana'iza, ni kuma na hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa bakin iyaka in taho da likita.

To, a gidanmu, da duk wani gidan Zongo da na sani, in baƙo zai zo babu ƙarfen da ke tsira. Tukunya, buta, faranti, cokali, har marfin kwanon da ba za a buɗe ba, sai an bi su da toka da lemun tsami da zaren ɓawon kwakwa har mutum ya ga haƙoransa a jiki. Mace ta bar baƙo ya ga ƙarfenta da duhu, ta ba da mijinta ke nan. Haka aka rene Mma, haka ta rene ni.

Na yi sallama likita na bayana. A tsakar gida na tarar da babban faranti a rana, an jera sulalla a kai suna ɗaukar ido. Takardun da aka kwance suna tare a gefen murhu. Mma na zaune kan kujera 'yar tsugunne, hannunta fari fat da toka, tana murza wata babbar azurfa mai kan mace. Gwangwani mai nauyin ta fara buɗewa, wanda azurfar ke ciki, kuma ta kusa gamawa.

Ta miƙe da fara'arta ta yi wa baƙo maraba, ta nuna masa farantin. Ta ce tun safe take kansu, ba ta san yadda aka yi Malam ya bar kayan sayarwa suka yi wannan baƙin ba, shi ya sa ma masu saye suka gudu.

Likita mutumin kirki ne. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya a gefe, ya karkata ta ga rana. Ni ma daga inda nake ina hango zanen tokar, sirara-sirara kamar an ja tsintsiya. Ya mayar a hankali ya ce, "Sannu da aiki, Mma." Ya sha ruwa. Na jawo ɗaya gwangwanin da ba a taɓa ba, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya yaba wasu na Jamus sosai. Sannan ya ce kuɗin ƙasarsu ya faɗi, bana ko anini ba zai ɗauka ba. Da na raka shi bakin ƙofa ya rage murya ya ce waɗanda aka wanke kam babu mai tarawar da zai kalle su, sauran kuwa in riƙe su da kyau, kasuwa na iya dawowa, amma shi ba zai ce mini ga rana ba.

Baba ya dawo ya tarar da farantin. Ya tsaya, ya yi salati, ya nemi wuri ya zauna da takalminsa a ƙafa. Daga fuskarsa Mma ta gane. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Da dauɗarsu zan bari a nuna wa baƙo?"

Ni dai ba kanta na sauke fushina ba, kan Baba na sauke. Na ce masa shekara da shekaru suna tare, da abin nan ya ciyar da mu, amma bai taɓa zama ya gaya mata kalma ɗaya a kai ba, ga shi ya ajiye mata ƙarfe ƙarƙashin gado ya fita, me yake tsammani? Ya ce in kama bakina. Na kama, amma na riga na faɗa, kuma har yau ban ga inda na yi ƙarya ba.

Washegari Baffa ya iso tun ba a share gida ba. Labari a Zongo ba ya jiran mota. Ya ce ai yanzu magana ta ƙare, Allah ne ya yanke, ya riga ya yi magana da maƙeri a unguwar Bè-Kpota. A haɗa gwangwanin biyu a kai, na azurfa a narka, sauran tagulla a sayar wa masu gwangwan, a huta da jiran Turawa. Baba bai yi barci ba, idonsa ya faɗa. Yana kallon ƙasa ya ce a kai.

Na shiga ɗaki na jawo gwangwanin da ba a wanke ba, na ajiye shi tsakar gida, na zauna a kai.

Baffa ya yi dariya. "Tashi, 'yar nan. Ko ƙwai kike kwanci?"

"Ƙwai ne, Baffa. Ba zan tashi ba."

Ya juya wajen Baba ya ce ga amfanin boko nan, an haifi alƙali a gida. Ya ce wanda ya tara kayan ya ce a kai, ni wace ce? Na ce ni ce wadda ta zauna a teburin. Mutanen nan ba su ce sun daina ba, cewa suka yi a dakata, kuma abin da aka narka ba ya dawowa ko sun zo da kuɗi a buhu. Waɗanda aka wanke sun riga sun tafi, na yarda, a kai su. Amma a haɗa da lafiyayyu don kawai rai ya ɓaci jiya, wannan ban yarda ba.

Sai ya daina dariya ya yi mini tambayar da ta dace: kafin masu sayen nawa su gama dakatawa, wa zai ciyar da gidan? Na ce ni. Ya ce da me? Na ce da ƙafata.

Mma na bakin madafa. Sai ta sa baki, ba ta kalli kowa ba, ta ce a bar wa yarinya abin da ya rage. Baba ya ɗago ya ce, "Na bar shi a hannunki. Amma ranar da tukunyar gidan nan ta wuni ba wuta, ke da kanki za ki kai wa maƙeri." Na ce na ji. Baffa ya ce shi ne shaida, kuma zai riƙa zuwa dubawa.

Wankakkun ni na kai, ban bari Baffa ya raka ni ba. Maƙerin wani dattijo ne mai tsokana, yana ganina ya ce ga madam mai zama kan gwangwani ta iso, ashe har nan labarin ya riga ni. Ya ware na azurfa, ya ture aninai gefe ya ce in kai wa yara su yi wasa. Na tsaya kan sikelinsa na hana shi sakat, sai da ya sake awo a gabana. Ya tambayi ina ɗaya gwangwanin, wai an ce masa biyu ne. Na ce an yi masa ƙari. Ya ce in tafi in dawo, narka ba abin kallo ba ne. Na ce zan tsaya. Ya zuba su a 'yar tukunyarsa ya hura wuta. Sun daɗe ba su motsa ba, har na fara tunanin ba za su narke ba, sai gefensu ya lanƙwashe, fuskokin suka zube cikin juna. Ban yi kuka ba. Zafi ne ya ishe ni na fita waje.

Abin da na karɓo na raba biyu. Rabi na sauke masara da shinkafa da mai a madafar Mma. Da rabin na shiga babbar kasuwa na sari mayafai da takalman roba, na fara tsallaka iyaka da su ina bi gida-gida a Aflao ta Gana. Farkon abin na sha wuya. Ba ni da haƙurin ciniki, mace ta taya mini farashin raini sai in naɗe kayana, har wata tsohuwa ta ce mini in ba sayarwa na zo yi ba in koma gida in yi wa uwata fushin. Na koyi haɗiye magana, ba duka ba. Ƙafata ta yi kanta, na yi baƙi, ƙawayen makaranta in sun hango ni da ƙunshi a ka sai su duba waya. Su duba.

Gwangwanin yana ɗakina, cikin akwati, na sa kwaɗo. Lokacin damina nakan buɗe in canja takardun da suka yi laima, Mma na tsaye daga bakin ƙofa tana kallo, ba ta shigowa ko na ce ta shigo. Duk wata nakan ɗauki hoton sule ɗaya in tura wa masu tarawan, da gaisuwa, ban roƙi kowa ba. Baturen yakan amsa da godiya. Ɗan Lebanon ya taɓa kira ya tambayi farashin wani na Jamus, na faɗa masa na gaskiya, ya ce zai yi tunani, har yanzu yana tunanin. Ban rage masa ba.

Baffa kuwa ya cika alkawari. Yakan faɗo ba sanarwa, wai ya zo gaida matar yayansa, sai ka gan shi ya zarce madafa yana ɗaga marfin tukunya. Akwai ranakun da abin da ke ciki ba na nuna wa baƙo ba ne, tuwo da miyar da aka ja da ruwa, amma da wuta a ƙarƙashi. Zuwansa na baya-bayan nan ya ɗaga ya tarar da wake na tafasa, ya mayar da marfin ya ce gishiri bai ji ba. Na ce wa Mma ta zuba masa, ta cika kwanon, in ya so ya dawo gobe ma ya duba.