Sau Goma Sha Shida Sulemanu Yana Juyowa

A Gozaki in ka tambayi gidan Sulemanu manomin masara, za a nuna maka, a ƙara da cewa, "Au, mai tafiya Lakwaja?" Shekara goma sha shida ya yi yana tafiyar nan, bai isa ba.

Matarsa Ƙauna ce ta jawo. Wata kalanda ta gani a shagon atamfa a Funtua, da hoton wani dutse, ga tsohon gari a gindinsa, ga kogin Kwara da na Binuwai sun haɗu. Ita da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi rafin bayan gari ba, ta ce sai ta gani da idonta. Sulemanu ya bugi ƙirji a gaban 'yarsu Lilian, ya ce ai magana ta ƙare.

Lokaci ne ya ƙi. Da damina yana gona. Da kaka tsohuwar a-kori-kurarsa tana jigilar buhuna zuwa kasuwar Dandume. Da rani yana ban-ruwan tumatir. Abin da ya rage masa 'yan kwanakin bazara ne, daf da faɗuwar damina. Ga shi da wata ƙa'ida da ko rashin lafiya ba ta taɓa karya ta ba: in ruwan shuka ya sauka, washegari da hannunsa zai shuka. Bai yarda da 'ya'yansa ba, wai ba su san tazarar rami ba.

Shekarar farko suna isa Funtua hadari ya haɗu a bayansu, ya juya. Ta biyu sun kai Giwa. Ta uku suna shan mai a Zariya maƙwabcinsa Ɗanjuma ya bugo waya ya ce ƙasa ta jiƙu. A bakin gona Ƙauna ta cinye ƙwan da ta dafa na guzuri, da sabon ɗankwali a kanta.

Kafin a kai ta bakwai gari ya farga cewa da ya ɗau hanya ruwa ke sauka. Da zarar ruwa ya yi jinkiri, sai ka ga liman da fasto sun jero ƙofar gidansa. Bayan doguwar gaisuwa ɗayansu ya yi gyaran murya.

"Baba Sulemanu, wai bana ba a tafiya ne? Ƙasa fa ta bushe."

Samari su wanke motar, mata su soya guzuri, maza kuwa suna jin tashin injin sai kowa ya ɗauko sungumi da iri. Mutanen Kafur har aike suka yi, wai a ara musu shi ya taso daga garinsu. Ni dai na san duk wanda ya fita daf da damina dole ruwa ya biyo bayansa, amma je ka faɗa wa mutanen Gozaki ka ji amsa.

Cikin duk wannan hidima babu wanda ya taɓa tambayar Ƙauna. Idonta kuwa ya fara dushewa. Bana da za su tafi, sai da ta lalubi ƙofar motar kafin ta same ta. Sulemanu kuwa ya gani.

Suka wuce Kaduna, suka kwana hanya, suka wuce Abuja. Saura kaɗan su hau babbar gadar Kwara waya ta yi ƙara.

"Malam Sule, aiki ya yi kyau!" in ji Ɗanjuma. "Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Juyo haka nan."

Hannun Sulemanu har ya soma murza sitiyari da kansa. Ƙauna ta kwance ƙullin ƙwanta ta ɗora a cinya.

"Juya mana, Baban Lilian," ta ce. "Ai na saba."

Bai taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Ya ce wa Ɗanjuma, "Ka ce yara su shuka. Taku ɗaya, ƙwaya biyu, kada su cika." Ya kashe wayar ya miƙe hanya.

Da la'asar suka hau kan dutsen. Ƙauna ta fito ta gyara mayafi, ta tsaya tana murmushi, fuskarta na kallon motar, kogin yana bayanta. Sai a lokacin ya gane ashe ko inuwa ba ta gani, ɓoye masa take yi. Ya kama kafaɗunta ya juyo da ita.

"To, faɗa mini," ta ce.

"Ruwa ne, Maman Lilian. Biyu ne, ɗaya ya fi ɗaya duhu. Sun haɗu." Sai halin manomi ya motsa. "Ga fadama har iya gani, ko shinkafa ba su watsa ba. Ragwaye!"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa kuka ne ya zo masa, don ya san da ya ƙi juyawa ko sau ɗaya a baya, da ba ta buƙaci bakinsa ba. Ta lalubo hannunsa, ta riƙe shi gam.

"Ci gaba," ta ce. "Kada ka tsallake komai."