Buhu Dubu Biyu da Uku

Sana'ata sayar da buhunan wofi. In kaka ta yi nakan sara a Talata Mafara, in kai wa manoman gero da gyaɗa a Maradun da Dosara. Ban yi boko ba, amma ina da al'ada guda: kowane kaya sai na ɗaure shi ɗauri-ɗauri, daidai wa daida, ba saura, don in an sauke, ɗaurin kawai zan ƙirga. Da ka nake rabawa, ba takarda ba alƙalami.

Shekarar da hawan jini ya kayar da ni a kasuwar Bakura, wata biyu na yi a kwance. Ranar da na koma shago na tarar da buhu dubu biyu da uku. Na raba goma-goma, uku suka rage. Bakwai-bakwai, saura ɗaya. Sha ɗaya, sha uku, kullum ɗaya ke tsaye yana kallona. Na san lamba irin bakwai ba ta rabuwa daidai, amma kaya har dubu biyu a ce ba su da hanya?

Haka mahaifina ya fara: lissafi ya ɓace masa, daga baya sunayenmu. Na ƙudura a raina, in la'asar ta yi ban raba ba, ƙanena zan miƙa wa makullin shago.

Bayan azahar maƙwabcina ya biyo, wani Kirista mai koyar da lissafi a sakandare. Muka gaisa, ya tambayi ƙarfin jiki, sannan ya dubi tulin buhun.

"Alhaji, faɗa kuke yi da su?"

"Malam, kaina ne ya tafi. Tun safe na kasa raba dubu biyu da uku."

Ya zauna kan benci, ya yage kwali, ya yi ta rubutu. Can ya tambayi lambobin da na gwada da abin da ya rage, na lissafa masa har zuwa talatin da ɗaya.

"Duk da ka?"

"Da me kuma?"

Ya fashe da dariya. "Ko ɗaya ba ka kuskure ba. Wannan lambar 'yar'uwar bakwai ce, ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Irinsu ba su da iyaka."

"Ka tabbata, ko lallashin majinyaci kake?"

Ya nuna mini kwalin. Ya ce in akwai mai raba ta, dole a same shi kafin arba'in da biyar, domin arba'in da biyar sau arba'in da biyar ya wuce ta. Ya bi su duka, babu.

Na yi hamdala a fili, na zaro buhu guda na ɗora masa a cinya.

"Na mene ne?"

"Shi ne mai rigimar. Tafi da shi."

Sauran na ɗaure su ashirin da shida-shida, ɗauri saba'in da bakwai cif. Da aka kira la'asar na kulle shago, na saka makullin a aljihuna na tafi masallaci.